Mu San Duniya: Malam-buɗe-littafi mai dogon baki

Jama'a masu karatu, kowa ya san malam-buɗe-littafi na rana. To, akwai na dare, masu kaurin jiki da saurin tashi. Na wannan wata gidansa kurmi ne, can ƙasashen ruwa kamar Kamaru da Kwango. Masana suna ce masa Zantofan. Tsutsarsa tana cin ganyen itatuwa, har da na gwandar daji wadda muka sani.

Abin mamakinsa baki ne. Siriri ne kamar zare, ya kusa taƙi guda, ya fi jikinsa tsawo nesa. In yana tafiya sai ya naɗe shi kamar gammo. In ya iske fure sai ya tsaya bisa iska, ya warware shi, ya tsotsi zaƙi.

Yana da ɗan'uwa a tsibirin Madagaskar, gabas da Afirka, wanda aka san da zamansa tun ba a gan shi ba. A 1862 aka aika wa wani masani na Ingila, Darwin, wani farin fure daga tsibirin. Furen yana da wutsiya mai rami, santimita 30, zaƙin kuwa yana can ƙasa. Darwin ya duba, ya ce lalle akwai ƙwaro mai bakin da zai kai can, in ba haka ba furen ba zai yi iri ba. Manomi ya san wannan magana: gero ba ya yin ido sai bununi ya zuba masa. Gero iska ke yi masa aikin, wannan fure kuwa sai ƙwaro ya ɗauko garin daga wani furen.

Darwin ya mutu a 1882 bai ga ƙwaron ba. Sai a 1903 masana suka bayyana shi, da baki kamar yadda aka faɗa. Ba a ɗauki hotonsa yana shan furen ba sai 1992. Shekara 130 ke nan, haƙuri dai!

Yanzu kurmin Madagaskar yana raguwa, ana sara ana ƙonewa don noman shinkafa da gawayi. Masu yi talakawa ne, abinci suke nema, ba a ga laifinsu ba. Amma furen bisa itace yake zaune, tsutsar ƙwaron ma ganyen itace take ci, duk su biyu gatari ɗaya ke kai su ƙasa.