"Ai da yardarta aka yi": me doka ta ce?

Yau za mu taɓo maganar da ba a cika yin ta a aji ba, a gida ma kunya ke hana a yi ta, wato lalata da yara da abin da doka ta tanada a kai.

Mu da ba mu daɗe da barin sakandare ba mun san yadda abin ke farawa. Ba kasafai ake farawa da ƙarfi ba. Wani zai saya wa yarinya kati ko data, wani ya yi mata alkawarin ƙarin maki, wani kuma maƙwabci ne ko ɗan uwa da kowa ya yarda da shi. Daga nan sai "turo min hotonki", sai "kada ki faɗa wa kowa". Ran da asiri ya tonu kuwa, sai a ce ai da yardarta aka yi, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

To, doka ba ta ce haka ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 31 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da yaro ko yarinya, kuma ya toshe hanyar tsira biyu: ba a karɓar "da yardarta aka yi", ba a kuma karɓar "na ɗauka ta kai 18". Sashe na 32 ya tanadi ɗaurin shekara 14 kan sauran nau'o'in cin zarafi irin wannan. Ke nan ko kin karɓi kyauta, ko kin amsa saƙo, laifin na babban ne, ba naki ba.

Jihohi ma suna da nasu dokokin. A 2020 Jihar Kaduna ta tsananta hukunci har ya kai dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, Kano kuma ta samu dokar kare yara a 2023. Ku samari, wannan magana ta shafe ku: dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta amince cewa namiji ma ana yi masa fyaɗe. Haka kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta ɗauka, ajiyewa ko yaɗa hoton tsiraicin yaro. Idan irin sa ya faɗo zaurenku na WhatsApp, kada ku tura gaba.

Amma doka ba ta aiki sai an yi magana. Idan abin ya faru, ku faɗa wa babban da kuka amince da shi: uwa, yaya, ko malamar da kuka saba da ita. In na farko ya ce a rufa asiri, ku faɗa wa na biyu. Kada ku goge saƙonni, hujja ce. A garzaya asibiti, in da hali kafin wanka ko wanke tufafi, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. A Kano akwai Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama. Ana iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar NAPTIP.

Idan kuma aboki ko ƙawa ce ta faɗa muku nata, kada ku yi mata dariya, kada ku kai maganar aji. Ku ce kun yarda da ita, ku raka ta wurin babba.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.