Gidan Abincin Turawa Da Musulmin Da Ke Jin Kunyar Tambaya

 

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kai masara da dawa da waken suya kasuwannin Funtuwa da Dandume, kuɗi suka shiga hannu, hanyar Kano takan cika da mutanenmu na Karfi da kewaye. Wani zai je Kantin Kwari haɗo lefe, wani zai mayar da ɗansa Jami'ar Bayero. A 'yan shekarun nan an ƙara wani zango a wannan tafiya. Tun da aka buɗe katafaren rukunin kantunan Ado Bayero a titin Gidan Zu a shekarar 2014, kuma irinsa na Jabi ya biyo baya a Abuja a 2015, samarinmu da ɗalibanmu suka fara sanin wani irin gidan abinci da iyayensu ba su sani ba: ɗaki mai sanyin na'ura, tebur da wuƙa da cokali mai yatsu, da takardar jerin abinci cike da sunayen Italiya da Faransa. Daga nan tambayoyi suka fara iso wa malamai a zaure da makarantun Islamiyya: shin ya halatta mu ci a irin wannan wuri?

Amsarmu ita ce shiga ya halatta, cin ma ya halatta. Asalin abinci a shari'a halal ne har sai dalili ya zo da haramci, kuma taliya ba ta zama haram don an kira ta da sunan Italiya. Abin da ke damunmu shi ne halin da Bahaushe ke shiga da zarar ya zauna a kan kujerar nan. Mutumin da zai tsaya a gaban mahauci a kasuwar Malumfashi ya juya tsoka ya tambayi yaushe aka yi yanka, shi ne zai karɓi takardar da bai fahimci rabinta ba, ya nuna da yatsa, ya yi shiru, don gudun kada ma'aikacin wurin ya ɗauke shi baƙauye. Wannan kunyar ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa, domin wanda ya ƙi tambaya ya miƙa addininsa ga mai dafa abincin da bai taɓa gani ba.

Bari mu faɗi abin da ya kamata a tambaya, tunda girkin Turawa yana da abubuwa biyu da suka zama masa kamar daddawa a miyarmu: naman alade da giyar inabi. Taliyar da ake kira carbonara, a girkinta na asali a birnin Rum, da naman kumatun alade ake yin ta. Miyar bolognese ta gargajiya tana ɗauke da kitsen alade da giya. Shinkafar risotto akan zuba mata farar giya tun farkon dahuwa, kayan zaƙin nan tiramisu kuma sau da yawa akan jiƙa shi da barasa. Kalmomin bacon da ham da pancetta da prosciutto da lard duk sunayen alade ne a asalinsu, pepperoni da salami kuwa galibi da shi ake haɗa su, sai fa inda aka bayyana cewa na saniya ne ko na kaza. Allah Ya haramta alade da mushe da jini a Suratul Baƙara aya ta 173, Ya kuma umarce mu da nisantar giya a Suratul Ma'ida aya ta 90. Ɗalibin da ya haddace waɗannan ayoyi amma bai san sunayen abin da suka haramta a harshen mai sayarwa ba, da sauran karatu a gabansa.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa, wai ai giyar tana ƙonewa a wuta. Jadawalin da ma'aikatar noma ta Amurka ta fitar ya nuna akasin haka: abincin da aka dafa minti 15 bayan zuba giya yana riƙe da kusan kashi 40 cikin 100 na barasar, wanda ya yi awa biyu da rabi a wuta ma yana da saura kusan kashi 5. Ko da ma ta ƙone ƙurmus, a wurin mafi yawan malamanmu giya najasa ce, kuma tukunyar da aka zuba ta da gangan ta riga ta gurɓata.

Kada wannan bayani ya jefa kowa cikin wasiwasi, domin wuri ya bambanta da wuri. A Kano, inda aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 aka kuma hana sayar da giya, naman da ke shiga gidajen abinci yankan Musulmi ne a galibi, kuma masu gidajen sun san su wa suke sayar wa. A irin wannan gari, kyautata zato shi ne asali. Imam Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, cewa wasu sun tambayi Manzon Allah (SAW) game da naman da sababbin shiga Musulunci ke kawo musu, ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, sai ya umarce su da su ambaci sunan Allah su ci. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi. Hatta cukun Turawa, wanda ake daskarar da wasu nau'o'insa da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi, malamai sun saɓa a kansa idan ba a yanka maraƙin ba: Imam Malik da Imam Shafi'i sun hana, Imam Abu Hanifa ya halatta. Saboda haka abin da ake nema a Kano tambaya ce guda a kan kayan da aka shigo da su daga waje. A Abuja da Legas da ƙasashen Turai kuwa, inda gidan abinci guda kan iya dafa naman rago da na alade a kasko ɗaya, tambayar ta zama wajibi.

Wani ɗalibinmu da ya yi hidimar ƙasa a Abuja ya ba mu labarin yadda abokan aikinsa suka gayyace shi wani gidan abinci a cikin wani babban kanti. Ya zaɓi taliya don ita ce kawai ya gane, ya ga 'yan gutsattsarin nama a kai, zuciyarsa ta ɗarsa, amma ya ji nauyin ya tambaya a gaban mutane. Sai da ya cinye, wata abokiyar aikinsa Kirista ta ce masa da ta san abin da ya zaɓa ke nan da ta hana shi. Ba mu ɗora masa laifin cin haram da gangan ba, domin bai sani ba. Laifinsa shi ne zuciyarsa ta yi masa gargaɗi ya danne ta saboda idon mutane. Da ya buɗe baki ya ce, “Don Allah akwai alade ko giya a cikin wannan?” da ma'aikacin ya amsa masa cikin daƙiƙa biyar. A ƙasashen Turai kansu, mai cin ganyayyaki kawai da wanda gyaɗa ke tayar wa da ciwo suna yin irin wannan tambaya kullum, ba wanda ke yi musu kallon ƙauyanci.

Wannan kunyar tana bin mu har kan yadda muke riƙe cokali. Tsarin teburin Turai ya ajiye wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, sai ka ga yaron da uwarsa ta sha buge masa hannun hagu a kan akushi yana kai loma baki da shi don kada a ce bai waye ba. Manzon Allah (SAW) ya koya wa Umar ɗan Abu Salama, tun yana yaro a gidansa, ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya kuma ci daga gabansa. Imam Muslim ya ruwaito hani a kan ci da sha da hagu. Mafita ba ta da wuya: a yanka naman da wuƙa, a ajiye ta, a mayar da cokalin hannun dama. Haka mafi yawan Amurkawa ke yi, kuma ba a taɓa korar kowa daga gidan abinci saboda haka ba. Idan kuma teburin da aka gayyace mu ana zagaya giya a kansa, hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mumini zama a wurin, ko da shi ruwa yake sha. Idan magariba ta riske mu a cikin kanti, inda hasken lantarki ke ɓoye faɗuwar rana, mu tashi mu nemi wurin salla, abincin zai jira.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi shafar mu manoma. Tumatirin da ke kan farantin nan irinsa ake nomawa a Ɗanja, kazar kuma da masara da waken suya irin namu aka yi kiwonta. Mun sayar da su da araha a lokacin kaka, sun dawo mana da tsada a ƙarƙashin baƙon suna, an ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100, wani wurin har da ladan hidima. Mai gidan abinci yana biyan haya da man janareta da albashi, kuma ciniki da yardar juna halal ne. Amma mai saye ya kamata ya yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun Yulin 2024, a shekarar da tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Magidancin da ya kai iyalinsa sau ɗaya don ya faranta musu daga abin da Allah Ya hore masa, muna fata ya sami ladan ciyar da iyali. Ɗalibin da ya kashe kuɗin da mahaifinsa ya sayar da buhu ya aiko masa, ko saurayin da ya ci bashi don ya burge budurwa, ya faɗa cikin almubazzarancin da aya ta 31 a Suratul A'araf ta hana. Wanda kuma ya ɗauki hoton farantin ya baza a WhatsApp, ya tuna cewa cikin masu kallo akwai maƙwabcin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gonarsa bana, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba.

Nasiharmu ga iyaye ita ce kada su tsaya a kan hani kawai, domin yaran za su je, ko da saninmu ko a ɓoye. Gara mu koya musu sunayen nan kamar yadda muke koya musu abubuwan da ke warware alwala. Malaman Islamiyya idan sun zo babin ci da sha a Risala ta Ibn Abi Zaid, su kawo misali da abin da ɗalibi zai tarar a Kano da Abuja. Masu gidajen abinci kuma, musamman Musulmi, su rubuta abin da ke cikin kowane girki da Hausa ko da Turanci mai sauƙi, hakan zai ƙara musu ciniki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin ya san abin da zai shiga cikinsa, kuma ranar gobe shi za a tambaya, mai dafawa yana can da nasa hisabin.

Allah Ya ciyar da mu halal, Ya sa mana albarka a cikinsa, Ya ba yankinmu zaman lafiya da damina mai albarka. Allah ne Mafi sani.