Madobiya da Ƙudan Zuma: Amanar da ke Wuyanmu

Duk wanda ya ratsa dajin da ke tsakanin Kafanchan da Kagoro, ko ya nufi Kwoi a tsakiyar hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, gobarar daji kuma ta lashe abin da ya saura, idan ya yi katari zai hangi wata bishiya wadda ta zubar da ganyenta ƙaf, amma ta lulluɓe da fure rawaya, ƙudan zuma na ta kai-kawo a kanta. Wannan ita ce madobiya, wadda Allah cikin hikimarsa Ya ƙaddara mata fure a lokacin da abincin ƙwari ya yi ƙaranci, domin ƙudan zuma da rakuwa da sauran 'yan'uwansu su sami abin da zai kai su bazara.

Abin takaici, tun da attajiran ƙasar Sin suka ƙwallafa rai a kan jan katakonta, masu zarton inji suka bazama cikin dazuzzukan Taraba da Kogi da Kaduna suna sara ba ƙaƙƙautawa, har ya zamana a 2016 taron ƙasashen duniya a Johannesburg ya sa ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma masana suka lissafa ta cikin masu fuskantar halaka. Ga masu gawayi kuma suna bin sauran.

Ra'ayina shi ne, wanda ya sare madobiya ba gungume kaɗai ya sayar ba: ya sayar da zumar mai amya, ya sayar da ganyen da makiyayi ke sassabo wa shanunsa da rani, ya kuma rage ƙwarin da ke yi wa kaɗanya barbara, alhali da man kaɗe mata da yawa ke rufa wa kansu asiri. Halittar da aka sanya wa sura guda sunanta a Alƙur'ani mai girma, wato ƙudan zuma, ba ta cancanci a tauye mata arzikinta saboda kuɗin kwana biyu ba, kuma shari'a da hankali sun haɗu a kan cewa maslahar jama'a tana gaban ribar mutum ɗaya.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Jama'a da Sarkin Kagoro da sauran sarakunan kudancin Kaduna, da limamai da fastoci da malaman daji, su hana saran madobiyar da ta rage, su kuma sa matasa su tattara irinta su raina a dasa da damina.