KAFIN KU KIRA TALAKA MALALACI, KU TAMBAYE SHI KUƊIN MOTA

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin waɗansu 'yan boko da masu hannu da shuni, har ta fara kutsowa cikin masallatanmu, wai babu abin da ke damun talaka sai lalaci, idan aka yanke masa tallafi yunwa da kanta za ta kora shi wurin aiki. Masu wannan magana da Amurka suke kafa hujja. To, mu je Amurkar mu gani.

Ranar 22 ga Agusta 1996 shugaba Bil Kilinton ya sa hannu a dokar da ta rushe tsarin tallafa wa iyalai matalauta wanda ƙasar ke bi tun 1935. Sabuwar dokar ta ce mai karɓar tallafi sai ya kama aiki cikin shekara biyu, kuma ba zai ci kuɗin gwamnatin tarayya fiye da shekara biyar ba iya tsawon rayuwarsa. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa mata ne masu renon 'ya'ya ba miji. Aka ce su fita su yi aiki. To ina aikin yake? Talakawa suna cunkushe a tsakiyar birane da ƙauyukan nesa, sababbin ayyuka kuwa, na manyan shaguna da otal-otal da ɗakunan ajiyar kaya, sun koma bayan gari, unguwannin masu hali, inda bas ba ta zuwa, ko kuwa ta daina zirga-zirga kafin a tashi daga aikin dare. Ga shi tsohon tsarin ya riga ya hana su mallakar mota ta kirki, domin duk abin da ya haura dala 1,500 a darajar mota ana lissafa shi cikin dukiyar da ke iya hana mutum tallafi.

Sai a 1998 majalisar dokokinsu ta farga, ta ware dala miliyan 750 na shekara biyar domin ƙara hanyoyin bas da motocin dare da za su kai talakawa wurin aiki. Wannan kuwa a cikin dokar sufuri ta sama da dala biliyan 200, wato rabon talaka bai kai ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Jihohi suka riƙa ba da tikitin bas da kuɗin mai da na gyaran mota, kowace gwargwadon ganin damarta. A 2012 aka soke shirin a matsayinsa na mai cin gashin kansa, aka narkar da shi cikin kuɗin sufuri na gama-gari.

Me ya biyo baya? A watan Fabrairun 2000, kusa da birnin Filint na jihar Mishigan, yaro ɗan shekara shida ya harbe 'yar ajinsu, ita ma 'yar shekara shida. Uwarsa tana cikin waɗanda aka tura daga tallafi zuwa aiki. Kullum tana shiga bas tafiyar kusan kilomita 60 zuwa wata kasuwar zamani inda take aiki biyu, amma duk da haka ta kasa biyan kuɗin haya, aka fitar da ita, ta kai yaron gidan ɗan'uwanta, a can ya tsinci bindigar. Ba mu ce bas ce ta ja kunamar bindiga ba. Muna tambaya ne: wane irin tsari ne ke raba uwa da ɗanta tun asuba har dare, sa'an nan ya rubuta sunanta cikin waɗanda suka yi nasara?

Wadda ta ce bari ta nemi motar kanta kuma, 'yan riba suna jiranta. Akwai masu ba da rance su riƙe takardun mota jingina, ruwan da suka saba ɗorawa kashi 25 cikin ɗari ne a wata, wato kashi 300 a shekara, kuma hukumar kare masu cin bashi ta ƙasar ta gano a 2016 cewa ɗaya cikin biyar na masu irin wannan rance ana ƙwace motarsa. Gudun gara, an faɗa gidan zago. A 1996, cikin kowane iyali 100 da ke cikin talauci 68 na samun tallafi, zuwa 2020 sun koma 21. Abin da ake yi mana talla ke nan.

Musulunci bai yarda da zaman kashe wando ba, amma bai ɗora wa mutum wajibi ya bar shi ba hanyar sauke shi ba. Ƙa'ida ce sananniya wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, waɗansu sahabbai sun zo neman abin hawa ba a samu ba, suka juya suna kuka, kuma aya ta 92 a Suratut Tauba ta ɗauke musu laifi. Idan rashin abin hawa uzuri ne a jihadi, yaya za a ce ba uzuri ba ne ga mai neman aikin shara? Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci mai rarar abin hawa ya bai wa wanda ba shi da shi. Malaman fiƙihu sun lissafa dabbar hawa cikin buƙatun asali kamar gida da tufafi, mallakarta ba ta fitar da mabuƙaci daga sahun masu karɓar zakka. Imamun Nawawi kuma ya bayyana cewa mai sana'a ana ba shi daga zakka abin da zai sayi kayan aikinsa. Balle uwa mai reno, wadda tun farko ciyar da ita da 'ya'yanta yana wuyan miji, in babu shi dangi, in babu su baitulmali.

Kada mu zaci wannan ciwon Amurka ne kaɗai. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 1,000 a 2024, har jihohin Kwara da Edo suka rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis a 2023. A ɗauka wata mai marayu ta sami aiki a mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, kuɗin motarta zuwa da dawowa 1,500 a rana. Kwana 22 sun cinye 33,000, kusan rabin albashin, kuma sai ta biya wata guda daga aljihunta kafin ta ga kwabo. Ina za ta samo? Mu kuma kwamitocinmu na zakka kwanon shinkafa muke miƙa mata, mu ɗauki hoto, mu yi mata wa'azin dogaro da kai.

Don haka muna kira ga kowane kwamitin zakka na rassanmu ya ware kaso na musamman domin kuɗin motar iyayen da suka sami aiki, tun daga ranar farko har albashi ya fara shigowa. A sayi keke ko babur a ba da rance ba ruwa ga wanda zai iya biya a hankali. Mai mota ya ji tsoron Allah, kada ya wuce maƙwabcinsa a bakin titi da kujeru uku ba kowa. Masu ɗaukar ma'aikata su sa kuɗin mota cikin lada, hukumomi kuma su sani za a tambaye su. Wanda bai shirya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya kame bakinsa daga kiran talaka malalaci.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.