Kuɗin Duba Tsirrai A Bakin Iyaka: Wanda Ya Ci Ladan Kuturu

Duk ɗan kasuwar da ke shigo da masara, ko goro, ko doya, ko ƴaƴan itace daga ƙasashen waje ya san cewa a bakin iyaka, kamar Ɗan Isa cikin jihar Maraɗi ko Birnin Ƙonni cikin jihar Tawa, ban da ƴan duwan akwai waɗansu ma'aikata masu tsai da mota. Su ne malaman gona na ma'aikatar kare tsirrai. Aikinsu shi ne su duba ko kaya suna ɗauke da ƙwari ko cuta, kuma akwai kuɗin da mai kaya yake biya saboda wannan aiki. Ƴan kasuwa da yawa suna kuka da kuɗin nan, suna cewa haraji ne na biyu da aka aza bisa na duwan. Kukansu ya isa a saurare shi, amma tukuna ya kamata jama'a su san abin da ake tsaro.

Mafi yawan mutanen Nijar da noma da kiwo suke rayuwa, kuma manyan ƙwarin da suka ɓata gonakin Afirka cikin shekaru hamsin da suka wuce, da yawa daga cikinsu baƙi ne. Cikin shekara ta 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro bisa rogo a ƙasar Kwango. Daga Amurka ta Kudu ya zo, bisa sandunan rogon da aka kawo domin shuka, ya bazu har Afirka ta Yamma, ya cinye abincin miliyoyin mutane kafin masana su samo masa abokin gaba. Cikin 1984 aka ga ƙwaro mai huda masara cikin rumbu a ƙasar Togo, asalinsa Amurka ta Tsakiya. Ƙudan da ke ruɓar da mangwaro daga Asiya ya fito, an fara ganin shi a Kenya cikin 2003. Tsutsar tumatir mai suna Tuta absoluta ta shiga Sifen cikin 2006, kuma cikin 2016 ta yi ɓarna a Kano da Kaduna har manoma suka sa mata suna Ebolar tumatir. A wannan shekara ta 2016 ce kuma aka fara ganin tsutsa mai cin zuciyar masara a Nijeriya da Benin da Togo, kafin ta game nahiyar.

Wani zai ce, ai ƙwaro fiffike gare shi, ba ya tsayawa neman izini a bakin iyaka. Gaskiya ne, babu shingen da ke tare fara, kuma uwar tsutsar masara tana yin tafiya mai nisa cikin dare ɗaya. Amma sandar rogo ba ta tashi sama, buhun masara ba ya ƙetare teku da kansa. Mutum ne ke ɗauko su, cikin jirgi ko cikin mota. Cutar da ke kwance cikin irin dankalin turawa da ake sayowa daga Turai domin masu lambun Bonkuku da na Agadas, ko ƙwai da ke manne bisa ganyen dashen mangwaro, a bakin ƙofa kaɗai ake iya kama su da sauƙi. In sun shiga gona, sai sayen magani kowace shekara, kuma talaka ne ke biya. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai a birnin Roma cikin 1951, ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO. Nijar ma tana da dokarta ta kare tsirrai, wadda aka yi cikin 1996 aka sabunta cikin 2015. To, aikin dubawa yana cin kuɗi. Ana bukatar ma'aikaci mai ilimi, da madubin ƙara girma, da ƙarfen sokar buhu domin ɗibar samfuri, da ɗakin gwaji, da wurin tsare kayan da ake shakka, da mota da mai. Adalci ne wanda zai ci ribar kaya ya ɗauki wani kashi na wannan nauyi, maimakon a aza shi duka bisa manomin Mayahi ko na Tanut wanda bai shigo da kome ba.

Sai dai Hausawa sun ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin nan ladan aiki ne, kuma sunansa ya nuna aikin. Idan ma'aikaci yana zaune ƙarƙashin inuwa, yaron mota ya kawo masa takarda, ya karɓi kuɗi ya buga hatimi ba tare da ya hau mota ya kwance ko buhu guda ba, to an cuci mai kaya, an cuci ƙasa. Mai kaya ya biya abin da ba a yi masa ba, ƙwaro kuma ya wuce da takardar hukuma a hannu. Irin wannan ya fi rashin dubawa muni, domin manomin da ya ga hatimi bisa irin shuka zai saki jiki da shi.

Ƙa'idar duniya ma haka ta tanada. Yarjejeniyar ƙungiyar ciniki ta duniya kan lafiyar dabbobi da tsirrai, wadda ta fara aiki cikin 1995, ta ce kada kuɗin dubawa ya wuce abin da aikin ya ci, kuma kada a bambanta tsakanin kayan wannan ƙasa da na waccan. Nijar ta shiga wannan ƙungiya cikin 1996. Ma'ana ita ce, ba a buɗe ofishin duba tsirrai domin cika baitulmali ba. Wannan aikin duwan ne da na masu haraji.

Akwai wani dalili kuma da ya kamata hukumomi su riƙe. Iyakar Nijar da Nijeriya ta kai kilomita 1,500, kuma kowane ƙauye na bakin iyaka ya san ɓarauniyar hanya. Idan kuɗin dubawa ya yi nauyi, ko ya zama abin ciniki, yau kaza gobe kaza, to mai amalanke da mai babur za su bi daji. Kayan da suka bi daji kuwa, ba wanda ya gan su, balle ya duba. Ashe tsadar kuɗin tana kawo abin da aka kafa ofishin domin hanawa. Wanda kuma ya bi hanyar gaskiya ya biya, zai aza kuɗin bisa farashin tiya, mai iyali ya biya a kasuwar Damagaram ko ta Yamai.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A rubuta kuɗin kowane irin kaya bisa allo a ƙofar ofishi, da Faransanci da Hausa da sauran harsunan ƙasa, yadda duk wanda ya yi yaƙi da jahilci zai karanta da kansa. Kowace dala da aka karɓa a ba da takardar shaidar biya mai lamba. A bambanta babbar mota mai tan talatin da macen da ta ɗauko kwandon tumatir bisa kai: ita a duba nata kyauta, domin ta saba kawo shi da kanta. Abincin agaji lokacin yunwa a yafe masa kuɗi, amma kada a yafe masa dubawa. Sa'an nan wani kashi na abin da aka tara ya koma ga ma'aikatar, a sayi kayan aiki, a horar da ma'aikata, a biya su haƙƙinsu kan lokaci, domin ma'aikaci mai yunwa ba ya ƙin na goro.

Ƴan kasuwa su ma su tuna cewa Nijar tana sayarwa kamar yadda take saye. Albasar Galmi, da wake, da ayar Maraɗi, da riɗi, da tattasan Difa, duka suna fita waje, kuma a can ma ana duba su, ana neman takardar shaidar lafiyarsu. Darajar wannan takarda tana ga amincin ma'aikatar da ta ba da ita. Ranar da maƙwabta suka daina yarda da hatimin Nijar, motocin albasa za su tsaya a iyaka har kayan su ruɓe.

Saboda haka mai kaya ya biya abin da doka ta yanka, ya nemi takardarsa, ya tsaya a buɗe buhu a gabansa. Ma'aikaci kuma ya tashi daga kujera ya hau mota, domin gonakin ƙasa ne aka ba shi amana. Allah ya kiyaye amfanin gona, ya ba da damina mai albarka.