Motarka Jarinka: A duba zafin inji tun kafin bazara

Yau maganar tsohuwar Land Cruiser za mu yi, mai injin 1HZ ɗin nan na gas, silinda 6, lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990. Inji ne mai haƙuri, amma ba ya yafe zafi. Idan ya tafasa da kaya tsakanin Agadas da Dirku, ko a hanyar Abeche, ba kuɗin gaskit kaɗai za a yi asara ba, har rai yana cikin haɗari. Ga abin da nake dubawa a ƙofar gida, da safe, inji na sanyi.

Na farko lagireto. Ƙura da ƙaiƙayi da ƙwari suna toshe shi, iska ta kasa ratsawa. Ka wanke shi daga ɓangaren inji zuwa waje, da tiyo marar ƙarfi, don ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran ƙarafan. Ka duba robar murfin. Idan ta tsage, ruwa zai tafasa da wuri. Murfi ya fi komai arha, shi kuma aka fi mantawa.

Na biyu fanka, kuma nan ne akasarin matsalar take ɓuya. A tsakiyar fankar akwai wani kuloci mai man silikon a ciki, shi ke sa ta kama da ƙarfi idan inji ya ɗau zafi. Bayan ka dawo daga tafiya, ka kashe mota, ka zare makulli, ka juya fankar da hannu. Ya kamata ka ji tana turjewa. In ta yi ta walawala kamar fankar ɗaki, man ya tsiyaye. Irin wannan mota lafiya lau take a kan kwalta, sai an shiga rairayi ko hawa da lodi allura ta tashi. Bakanike zai iya sake zuba man, ko a sauya kulocin.

Na uku bel da tiyo. Ka matsa kowane tiyo: wanda ya kumbura ko ya yi taushi, a cire shi. Safayar bel kuwa kada ta bar mota.

Ruwan rijiya yana barin gishiri da tsatsa a ciki. Ka zuba ruwan lagireto na kanti, ka sauya shi duk shekara 2. In wani ya ce a cire tamostat a huta, ka ce a'a. Ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

To idan allura ta tashi a hanya fa? Ka tsaya, ka kashe esi. In ruwa ba ya zuba kuma fanka na juyawa, bar inji ya yi silo har ta sauka. In yana zuba, kashe nan take. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada ka kwara wa inji ruwan sanyi, kansa zai iya tsagewa. In daga baya ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gaskit ya tafi. Kada a ƙara ɗora mata kaya sai an gyara.

Uwargida, ke ma ki riƙa leƙa ƙarƙashin mota da safe. In kin ga ɗigon ruwa, ki gaya wa maigida kafin ya tayar.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai maganar gurɓataccen gas. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa.