Siririn Harafi, Babban Aiki

Jama'a, mu daina raina siraran haruffan nan marasa kwalliya a baki. Duk wanda ya taɓa saro kaya a unguwar Xiaobei ta Guangzhou ya san amfaninsu. Sunan birnin alama biyu ce kacal a rubutun Sin, amma a boko haruffa tara ne, kuma allon da ake rubuta sunan a kai ba ya ƙara faɗi. Dole harafi ya matse jiki kamar fasinjan motar haya, duk da haka ya karantu daga nesa. Ni dai shawarata, in za ku ba da aikin buga kwali a can, ku zaɓi siriri mai kaurin layi, kuma ku tabbata yana da ƙ, ɗ da ɓ kafin ku biya.